Ƙofar Kalla

Kakana Kalla masassaƙin Birni ne.
Turmi da taɓarya, akushi da allo,
su suka riƙe gidanmu shekara hamsin.
Yakan ce ice ma da halinsa:
gawo rago ne, maɗaci mai riƙo,
ƙirya kuwa sai ka gaishe ta kafin ka sara.

Shekarar da rijiyoyin Damagaram suka ƙafe
wani Mompera ya zo bisa keke,
gumi na ɗiga daga gemunsa,
ya shimfiɗa takarda a kan tabarma.
Ƙofa yake so, ganye biyu, ta majami'a,
da jirgi, da kifi, da inabi, da makiyayi.

Kalla bai taɓa ganin jirgin ruwa ba.
Ya ɗauko akushin tuwo ya jujjuya,
ya ce, abin da ya hana miya fita
zai hana ruwa shiga.
Kifinsa tarwaɗar Gidimuni ce, har da gashin baki.
Inabi bai san shi ba, sai ya zuba dabino.
Ragon kuma uda ne,
ya babbake gabansa da jan ƙarfe, ya bar bayan fari.

A gindin dutse, bayan La'asar,
aka ce Kalla ya koma sassaƙar gumaka.
Wasu suka daina sayen allonsa.
Bai tanka ba. Gizago ya tanka,
tun asuba, ƙwas, ƙwas, har kaji su kwanta.

Fuska dai ya ce ba zai yi ba.
Makiyayinsa ya ba duniya baya,
rago a wuya, ƙeya a sunkuye,
yana hawan tudu irin na bayan gidanmu.
Kwana uku Mompera na gardama,
ran na huɗu ya durƙusa ya dubi diddigen,
ya ga faso, tsaga bakwai, kamar na mai noman tudu,
ya miƙe bai ƙara cewa komai ba.

A ganyen hagu, daidai kafaɗar mai shiga,
akwai hannun mace riƙe da igiyar guga.
Ƙaramin yatsan a karkace yake.
Duk Birni an san mai wannan yatsa:
Tsahara, kakata,
wadda aka kai makwanci a bazarar nan.

Buhu uku na hatsi aka biya shi.
Jakai biyu suka ɗauki ƙofar,
shi kuwa ko rakiya bai yi ba.

Sai da yana ta rufe idanunsa,
wata Talata da rana tsaka, ba kowa a hanya,
ya ce in ja masa sanda.
Ya shafa jirgin. Ya ƙirga dabinon.
Ya tsallake hannun, bai taɓa ba.
Can ƙasa, wajen dokin ƙofa,
yatsansa ya nutse cikin gari mai laushi.
Gara.

Na zaci zai yi kuka. Dariya ya yi.
Ya ce, nan ƙirya ta ƙare mini,
na liƙa gawo, na shafe da toka da mai.
Shekara talatin Nasara bai gane ba,
malam bai gane ba,
ashe gara na riƙe da lissafi.
Gobe ki ɗauko mini gizago.

Goben ta same shi a kwance.

Gizagon na wurina, cikin buhu, ƙarƙashin gado.
Ni alli na iya riƙewa, a lakwal nake koyarwa.
Mai gadi na zuba baƙin mai a ramin duk damina.
In na bi ta wurin ran Lahadi
nakan ga mutanen da ba su san Tsahara ba,
'yan Dahome, 'yan Togo, da yaransu,
kowa a kan hannunta yake dafawa ya tura.
Duk ƙofar ta dushe da rana,
yatsan nan kaɗai ke sheƙi.