Sojan Wata Duniya a Kan Tiren Shayi

Mutari ne ya aiko shi daga Aljer,
cikin kwali, tsakanin dabino da takalman yara.
Na buɗe ban ga mutum ba, sai gaɓoɓi,
ruwan toka, maƙale a jikin roba
kamar haƙarƙarin akuya a teburin mahauci.
Takardar ciki ta ce, da Faransanci,
soja ne na zamanin da rana za ta tsufa.
Tsawonsa bai kai babban yatsana ba.

Da rana agogo nake gyarawa a bakin Kasuwar Dole.
Bayan isha'i in jawo tiren shayi,
in jera reza, hantsaki,
da gam ɗin nan da ke kama yatsa kafin ya kama aiki.
Ƙafa ta shiga, ƙirji ya zauna.
Hannun hagu ya yi tsalle ya faɗa ƙasa,
kaza ta riga ni gani.

To, me ya yi saura?
Na ciro waya daga cikin tsohon bik,
na haɗa da haƙorin agogon da mai shi ya rasu bai karɓa ba.
Hannu ya fito, ya fi na kamfani kyau,
ko da yake ni ne alƙali.

Ma'azu maƙwabci ya leƙo ta katanga:
"Da furfura a gemu, kana wasan 'yar tsana?"
Na ce, miƙo min ashana.

Fenti daga wajen Kyari mai rubutun motoci,
kauri kamar kunun da ya kwana.
Na sirka, na ƙara sirkawa.
Zafin bazara kuwa ba ya jira,
kafin burushi ya isa kafaɗa ya bushe,
sai na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin takarda,
yadda ake lulluɓe gora don ruwa ya yi sanyi.
Burushin ma gashi bakwai ne
daga wutsiyar kyanwar Habsu.
Har yau kyanwar ba ta yafe ba.

Takarda ta ce a yi masa ja.
Ni shuni na ba shi, mai duhu, irin na turkuɗi,
na zuba tukar shayi a lungunan sulke
ya zama tsatsa, ya zama tafiya mai nisa.
Tsakuwa biyu daga gindin dutsen Birni
na manna ƙarƙashin sawunsa,
ya tsaya a Damagaram ko ina aka tura shi.

Ana nan wuta ta ɗauke.
Cima ta riƙe min tocila, 'yar shekara shida,
hasken yana rawa.
"Baba, da wa yake faɗa?"
Na duba takarda, ba ta faɗa ba.
"A garinsu famfo yana zuwa?"
Nan ma shiru.
"To ina ruwansa?"

Na daɗe ina kallon bindigar,
ta fi shi tsawo, kwana biyu na yi ina goge ta.
Na sa reza.

Daga murfin maganin tari na yanko jarka,
na yi mata rawaya, rawayar layin famfo,
na ɗaura masa a baya da zaren buhu.
Bindigar tana cikin gwangwani tare da ƙusoshi.

Saura ido.
Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba.
Na riƙe numfashi kamar mai zare ƙaya,
hannuna da ya san cikin agogo shekara ashirin
ya yi rawa.
Ɗigon ya kauce, kaɗan.

Yanzu yana bisa kanta, kusa da rediyo,
yana hararar gefe, wajen randa.
Cima ta ce ƙishirwa yake ji.
Ban gyara ba.
Akwai tara a kwali,
Ma'azu kuma ya fara tambayar kuɗin fenti.