Baƙon Bayan Kabad

A Kakuri, a ɗakina mai taga ɗaya,
ranar Laraba bayan azahar,
na ja kabad ina neman takardun fansho,
sai ga shi manne da katako,
fukafukai a jiƙe, a yamutse
kamar yadin da aka matse ba a shanya ba.
A gefensa ƙwanson da ya fasa,
bai kai ɓawon gyaɗa ba.
Ashe tun ƙarshen damina yake nan,
yana barci, muna ta hayaniyarmu.

Malam, wa ya ce ka buɗe littafi yanzu?
Ko hadari bai haɗu a gabas ba.
Kogin Kaduna ya janye jiki,
masu tifa na kwasar yashi a tsakiyarsa.
Babu fure a unguwar nan
sai na roba a kan talabijin.

Na san mai laifin.
Tasalla ce, jikata, da bokitinta,
kullum sai ta yayyafa wa daɓe ruwa
don ɗaki ya yi sanyi.
Ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa,
ka ɗauka alkawarin ne ya cika.

Na dama sukari a murfin kwalba,
na tsoma auduga, na ajiye a gabansa.
Bai kula ba.
Sai da na yanka lemo, na matsa masa kusa,
ya taka da ƙafa tukuna,
sannan ya warware ɗan siririn bakinsa
kamar zare daga ƙwarƙwaro.
Na riƙe tarina har ya gama.

Da dare aka kawo wuta,
unguwa ta ɗauki ihu,
ni kuwa na tashi na kashe fanka.
Tasalla ta ce, “Kaka, saboda ƙwaro?”
Na ce ɗauki mafici.
Akwai tsaka a bayan kalanda,
mun kwana uku muna kallon-kallo,
ni da tsintsiya, ita da haƙuri.

Da ya bushe na dube shi da kyau.
Baƙi da rawaya, ɗigo-ɗigo,
da ja ƙwaya ɗaya a kowane gefe.
Shekara ashirin da shida na yi a masaƙa
ina buga zane a kan atamfa,
ban taɓa fitar da launi
da ya zauna haka ba, bai zuba ba.

Kada ka ji kunya, Malam.
Bayan an rufe ƙofar masaƙa
na fi shekara ina farkawa da asuba,
in ɗaura agogo, in nemi takalmi,
in zauna bakin gado
ina jiran jiniyar da ba za ta busa ba.
Na san tashin da ba a kira mutum ba.

Kwana na biyar ya fara dukan gilashin taga.
Garin fiffikensa ya rage a jiki.
Lemo ba ya isar mai son sarari.

Na huda kwalin sabulu da ƙusa,
muka hau a-daidaita-sahu,
kwali a cinyata, tafina a kai,
har lambun Sallau a bakin kogi
inda injin ban-ruwa ke tari tun safe,
kabewa ta yi fure, rama ta yi kore.
Damina ce ta aro, amma damina ce.

Na buɗe. Ya daɗe bai motsa ba.
Sannan ya tashi a karkace,
ya tsallake kunyar albasa,
ban ga inda ya sauka ba.
Sallau ya ce, “Tsutsarsa fa ganye take ci.”
Na sayi alayyafo na ɗari biyu, muka rabu lafiya.

Sai bayan mako uku ruwa ya sauka.
Na fito tsakar gida ba hula.
Murfin kwalbar yana kan taga har yau,
tururuwa sun gama da shi tuni.
Tasalla ta so ta share,
na ce bari tukuna.