Hawan Lahadi

A dajin Wharncliffe saiwoyi sun kwanta a hanya
kamar jijiyoyin hannun tsoho.
Tana ƙarama ni ke cewa, "Bryony, saki birki,
keke ya fi ki sanin gangara."
Yau 'yar tawa ce gaba,
tayarta na watso min taɓo a baki.

Bayan itatuwa sai fili,
ciyayi shunayya, iska mai mari,
tumaki uku da ba ruwansu da kowa.
Gwiwata ta ƙi. Na sauka ina turawa.

Can ƙasa Sheffield ta kunna fitilu.
Bryony na gindin katangar dutse,
ta miƙo min shayi a murfin fulas,
ta duƙa
wai sarƙar kekenta ce ta zame.