Kogi Ɗaya, Suna Biyu

Daga tagar ɗakin adana takardu
nake hango fitilun Haihe.
Da zan ƙwala kira, sai an ji a can,
amma wasiƙar kakata shekara ashirin ta yi a hanya.

Mu Amur muke ce masa,
su kuwa Kogin Baƙin Dodo.
Shi bai taɓa amsa ko ɗaya ba,
wucewarsa yake yi da ƙanƙara a ka.

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe akwatunan nan:
yarjejeniya mai hatimi biyu,
taswirar da aka ja wa layi da jan alƙalami.
Kaurin layin a takarda bai kai ƙwayar gero ba,
a ƙasa kuwa ya haɗiye tsibiri guda,
da ciyawarsa, da bukkar masunta, da kabarin wata jaririya.

A akwati na sha bakwai, wa da ƙane ake kiran juna.
A na sha takwas an kafa lasifika a gaɓa,
zagi na ƙetare ruwa har kifi ya yi ƙaura.
Tsakanin akwatunan ko yatsa ba ya shiga.
Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Jiya Farfesa Tan Wenlan ta ƙetaro
a motar da ke bi ta kan daskararren ruwa,
da tata taswirar a jakar leda.
Muka shimfiɗa su kafaɗa da kafaɗa.
Inda tawa ta ce "an samu", tata ta ce "an ƙwace".
Shekara ɗaya ce, watan ma ɗaya.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Rimma, wa ya yi ƙarya?"
Na ce, "Tafinta. Shi ne jakin kowa."
Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Na tura mata zuma, ta ƙi, can kuma ta ɗiba.
Mahaifinta ya yi gadi a waccan gaɓar
a shekarar da aka yi harbe-harbe,
nawa a wannan.
Ba mu gwada kwanakin ba,
ba don ba mu iya lissafi ba.

Da yamma na raka ta bakin shinge.
Soja ya buga hatimi, bai ko ɗago kai ba.
Ta mance safar hannunta a teburina,
ta hagu, mai ɗinki a babban yatsa.
Har yanzu ina tsaye da ita,
ban san akwatin da zan sa ta ba.