Cikin Tsohuwa

Motar nan ta girme ni da shekara tara.
Landirobar kamfanin kuza ce, koriya a da,
yanzu launinta sai wanda ya san ta zai shaida.
Babana ya saye ta a gwanjo a Bukur,
ya rasu ya bar min ita da makulli ɗaya
da buhun sifanu, babu mai lamba goma a ciki.

Ranar Talata, a gangaren Shere,
buhun dankali goma sha biyu a bayana,
dutse ya leƙo daga cikin ciyawa.
Ba wata ƙara ba ce. Ƙwas. Shi ke nan.
Hanci ya riga ido sani:
warin fetur ya shigo ta ƙasan kujera,
ya zauna kusa da ni kamar wanda ya biya kuɗin mota.

Na kashe ta. Na kwanta rigingine a tsakuwa.
Ɗis. Ɗis. Kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.
Wata mai wanki a rafi ta ba ni guntun sabulu,
na murza a tsagar har ta yi shiru,
na gangaro gari bakina cike da salati,
ko mai gasa masara na hango sai in kauce.

Chuwang mai walda, a Dilimi,
ya zagaya ta, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.
Ya ce, "Kun sa mata ƙaho a gaba, tsani a baya,
kun bar cikin a waje.
Ka taɓa birkice kunkuru?
Ta ƙasan ma a rufe yake."

Bai kunna wuta ba sai da aka sauke tankin,
aka ɗauraye shi sau uku da ruwan omo,
aka kife shi can bayan shago.
"Wanda babu mai a ciki ya fi cizo," in ji shi,
ya nuna min girarsa ta hagu, wadda ba ta sake tsirowa ba.

Ya yanko farantin ƙarfe mai kaurin littafin makaranta,
ya lanƙwasa bakinsa sama kamar goshin kwalekwale,
don dutse ya zame, kada ya samu wurin kamawa.
Yatsa biyu ya bari tsakaninsa da tanki:
"In sun manne, dukan ɗaya na biyu ne."
Ya cusa robar tsohuwar taya a tsakani,
ya huda ramuka shida don taɓo ya samu hanyar fita.
A baya ya gitta bututu,
saboda 'yan tifa da birkinsu sai addu'a.

Yaronsa Tanimu ne ya kira mu daga ƙarƙashi:
"Oga, wani ya riga mu."
Ramuka huɗu a jikin shasi, tsatsa ta cike su,
daidai inda muke shirin hudawa.
A ɗayan akwai guntun noti,
da ɓallin ƙarfen da damuna talatin ta cinye.

Babana bai taɓa faɗa min ba.
Mutum ne da ko "sannu" sai ya auna.
Duk zuwan da muka yi gona ina ƙarami,
ina barci a kan kujerar nan,
ashe akwai abin da ya shimfiɗa
tsakanina da dutse.

Chuwang ya ce a goge ramukan, a yi amfani da su.
Notin sun shiga ba gardama.

Jiya na sake bi ta Shere.
Dutsen na nan, bai matsa ba, ba zai matsa ba.
Ƙararrr, ya ja farce a ƙarfe, muka wuce.
Na tsaya duk da haka, na leƙa:
zane ɗaya, fari, dogo. Ƙasa a bushe.

Guntun sabulun yana aljihun mota har yanzu.
Ban sake ganin matar ba.