Hannun Nayibe

A Tumaco ba agogo ke yanka lokaci ba, ruwa ne.
In teku ya janye sai ya bar mana fili,
yashi mai santsi kamar bayan kifi,
mu kafa sanda biyu mu ce raga ce.
In ya dawo, wasa ya tashi,
ko da ana kunnen doki.

Ni ce ƙarama, ni ce mace,
sai suka ce, Nayibe, koma can baya.
Ba karamci ba ne.
Gurbin da kowa ya ƙi aka miƙo min,
na tsaya,
ban sake fita ba sai bayan shekara ashirin da biyu.

Innata ƙumba take tonowa a laka,
hannu har kafaɗa cikin saiwar itacen gaɓa,
da taba a baki saboda sauro.
Ta ce, ido maƙaryaci ne, yarinya,
hannu ya san inda abu zai ɓullo.
Horon da na samu kyauta ke nan.

A Cali safar hannuna ta aro ce,
ta wani ƙato, yatsuna na iyo a ciki.
Kakar wasa wata huɗu.
Sauran watannin ina suyar ayaba a bakin tasha,
ina cafe canjin da direbobi ke jefowa ta taga.
Ko kwabo bai taɓa faɗuwa ba.

Sau ɗaya aka kira ni sansanin ƙasa.
Riga mai lamba ashirin da uku,
na yi taken ƙasa da ƙarfi,
na zauna a benci har aka hura usur.
Tana nan cikin akwati, ba ta san gumi ba.

Sai Sifaniya, can arewa,
garin da ruwan sama ke sauka a karkace.
Rukuni na biyu, ɗaki ɗaya mu uku.
A nan ƙaramin yatsa ya karye,
ya warke yana nuna wani wajen daban.
A nan ne kuma, minti na tamanin da tara,
bugun daga kai sai mai tsaron gida:
idonta ya ce dama,
hannuna ya ce ƙarya ne.
Mutum ɗari huɗu suka miƙe,
wata tsohuwa mai lema ta sumbaci goshina.

Amma tambayi garin yau,
wadda ta silale min tsakanin ƙafafu za su ba ka labari.
Mai tsaron raga kamar rufin ɗaki take,
sai ta yi yoyo ake ɗaga kai.

Gwiwa ta fara magana ina talatin da ɗaya.
Likita ya ɗinke, ta ci gaba da gunaguni.
Suka kawo Uxía, 'yar sha tara,
doguwa, ba ta san tsoron ƙasa ba.
Na yi mako biyu ban gaishe ta ba.
A na uku na nuna mata yadda ake faɗuwa
ba tare da ƙashi ya biya bashin ba.

Wasan ƙarshe an ci mu biyu da ɗaya.
Ba fure, ba jawabi.
Na rataye safar a ƙusa, na kashe fitila.

Yanzu ga mu a bakin ƙofa ni da Inna,
ta ɗora hannunta kan nawa tana dubawa:
nata ya tsattsage, nawa ya karkace,
zobe ba ya shiga ko ɗaya.
Ta ce, to, me kika tono?

Ban amsa ba. Teku ya janye.
Can ƙasa yara sun kafa sanda biyu,
suna tura wata 'yar ficiciya baya.
Na miƙe, gwiwa na ƙara,
na sauka kafin ruwa ya dawo.