Darasin Bayan La'asar

Shekara talatin na yi a gidan waya na Tawa
ina raba wasiƙun masu tafiya biɗa,
Abijan, Kwatano, Turabulus.
Yau ga ni da kaye da biki ja
gaban Malam Shafi'u, wanda na ci naman sunansa.

Ya ce, Baba, mu fara da yanzu.
Como, comes, come.
Ina ci, kana ci, tana ci.
Na ce wannan ai kunu ne, ba ya son tauna.

Da muka shiga jiya ne jaki ya toge.
Mutanen nan jiya biyu gare su:
wadda ta faɗi sau guda ta fashe kamar tulu,
da wadda ta yi ta ɗiga daga indararo
ba wanda ya riƙe ranar da ta tsaya.
Asumana comía a akushi guda da ni.
Asumana comió, ya wanke hannu,
ya hau motar Agadas.

Fui, in ji malam, na tafi ke nan.
Fui kuma, na taɓa zama.
Na ce kalma guda? Ya ce guda.
Na aje biki har shayina ya huce.

Hajo tana tsinkar zogala a gefen tabarma,
ta ce tsofai-tsofai da kai,
ana tambayar ka kuɗin cefane kana tengo, tenía.
Ba ta ce komai ba kan Ramatu.
Shekararta shida, a Almeriya aka yanke mata cibi,
tsakanin rumfunan tumatir.
In ta ce abuelo sai ta sako zance kamar ruwan Agusta,
ni kuwa sí, sí,
ina gyaɗa kai kamar ƙadangare a katanga.

Gobe ta fi sauƙi, in ji malam,
wutsiya kawai za ka liƙa.
Vendré, vendrás, vendrá.
Na ce a kaye ne take da sauƙi.
Sai ya ba ni ojalá,
wai wata in Allah ya so ce
da ta zauna can bayan masu ita sun tashi.
In ta shigo, aikatau kan sauya riga,
ba viene ba, venga,
shi ma ya san bai kamata ya cika baki ba.

Ran Juma'a waya ta yi ƙara.
Kwana uku ina goge jimla guda kamar takalmin salla.
Na ce, Ayer lloví en Tahoua.
Ta ƙyalƙyale har wayar ta faɗi.
Asumana ya ɗauka: Baba,
cewa ka yi kai ne ka zuba jiya, ba sama ba.
Na ce ba ta, ta gyara mini.

Sau uku ta faɗa, a hankali,
yadda ake wa yaro tata.
Llo-vió.
Na rubuta a ƙasan nawa.
Na farkon ban soke shi ba.